Rabin Ƙa

Wuta ta ɗauke tun la'asar,
batir ya ce saura kashi goma sha tara.
Mu uku a shagon Sahabi, bayan Kasuwar Dole,
muna gardama kan abin da ido ba ya gani.

Tushen maganar, rajistar wani ɗakin awo a Zengo.
Mace ce, Ɗayyaba Sadiƙu.
Gurbin suna goma sha huɗu yake ɗauka, ba ƙari,
inji ya ƙirga, ya sa wuƙa.
Bai san ƙa mai lanƙwasa kujera biyu take zama ba,
sai ya raba ta tsaka,
rabi ya shiga, rabi ya faɗi inda ba a tsinta.
Allo ya fito da baƙin tabo, alamar tambaya a cikinsa,
kamar mai cewa, wace ce wannan?
Ta zo karo na uku da cikin wata bakwai,
aka duba, aka ce babu ita.

Zulai ta kwana a kai, ta fito da layi talatin da biyu:
mai yanka da ke laluben gaɓa kafin ya sara,
mai juye da ya san bakin ƙwarya, ba ya bari ta malala,
da wani ɗan ƙarami mai sulhu,
don ƴa tamu ta nan da 'ya ta Kano
su gane juna in sun haɗu a hanya.
Ta ce a zuba su a rumbun, kowa ya ɗiba.

Sahabi ya dire kofin shayi.
Ya ce rumbun nan tiya ne.
Tiya ba ta da daɗin gani, amma ita ce a Mirya, ita ce a Tanut.
Ranar da kowa ya ƙera tasa,
da bakin wa za a yi ciniki?
Ya ce abin da ka ƙara yau, kai za ka goya,
gobe wani a wata ƙasa ya jingina gininsa da shi,
ba ka isa ka zare ba.
In masu ƙa'ida suka farka bayan shekara goma
suka raɗa wa nasu sunan da kika raɗa wa naki,
hali ya bambanta, suna ɗaya,
wa zai raba faɗan?
Ke kina Yamai kin yi nisa, ni ne nan da gemu.

Zulai ta ce, masu ƙa'idar,
a cikinsu wa ya taɓa rubuta ɓarawo ko ƙishirwa?
Muna jiran su kamar yadda muke jiran ruwan famfo,
jarka a layi, rana a ka.
Ta ce ko babu namu, kowa na yin nasa a ɓoye,
na ga iri shida, huɗu na yoyo.

Ni ke riƙe da makulli.
Wannan ne kawai ya sa suka juyo gare ni.
Na so in ce duka kun yi gaskiya,
amma maɓalli ba ya jin wannan yaren,
karɓa ya sani, ko ƙi.

Na ce ko mu yi musu zaure,
ba cikin gida ba, ba kuma titi ba,
da shaida a goshi mai cewa namu ne, na Damagaram,
wanda ya ɗauka ya san abin da ya ɗauka.
Sahabi ya ce zaure ai ƙofar ɗaki ce, jira ka gani.
Zulai ta ce baƙunta ke nan a gidan ubanka.
Ba wanda ya yi murna.

Kashi biyu. Ɗaya.
Allo ya rufe ido kafin in danna komai.

Aka kira magariba daga wajen Birni.
Na jawo takardar da aka ƙunso mana ƙosai,
na rubuta sunan matar da biro, a hankali.
Da na zo kan ƙa, hannuna bai tsaya ba,
ya hau, ya lanƙwasa, ya wuce.